Wa Ke Yi wa Tata Wanka?

"Sunan mara lafiya?" ma'aikaciyar asibitin ta tambaya.

Nolitha ta tura katin ta ƙasan gilashi. Mara lafiyar surukinta ne; shekara goma sha bakwai tana auren ɗansa, sunan tsohon bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce Tata, wato Baba. Matar ɗa ba ta ambaton sunan suruki, ba ta tsayawa gabansa kai ba ɗankwali, balle ta taɓa jikinsa.

"Madalla da makoti, matar ƙanena mai tarbiyya," in ji Zoleka, yayar mijinta da take kira Sisi, wato Yaya, wadda ta sauka a Mthatha jiya daga Cape Town, bakinta bai huta ba tun daga tasha. "Ni dai na faɗa, Tata ba zai tashi haka kawai ya manta 'ya'yansa ba. Wani ne ya taka dokar gidanmu, kakanni suka juya mana baya."

Nolitha ta san ita ce ta taka. Mijinta yana aikin haƙar ma'adinai a Rustenburg, sai Disamba ake ganinsa. Wata bakwai ke nan da ta iske Tata a bayan garken awaki, ya ɓata wandonsa, yana kuka. Ta duba gabas da yamma, babu namiji ko ɗaya. Ta ja shi ɗaki, ta rufe ƙofa, ta kawar da kai. Tun daga ranar ita ke yi masa wanka, ciwon kuwa sai gaba yake yi. Kunya ta hana ta ɗaga ido ko a coci.

Likitar, Dakta Ndamase, ta ɗora hoton ƙwaƙwalwar a kan allo mai haske.

"Kun ga nan, inda ta motse? Wani sinadari ne mai danƙo ke taruwa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, suna mutuwa a hankali. Hawan jininsa kuma ya lalata ƙananan jijiyoyi. Abin yakan fara shekara ashirin kafin a ga alama."

Shekara ashirin! Lokacin Nolitha ko hanyar gidan ba ta sani ba. Ta so ta ji sanyi a ranta, amma kunyar tana nan daram.

"To a ba mu maganin mana," Zoleka ta ce.

"Wanda zai warkar, babu shi tukuna, Mama. Akwai ƙwaya mai ɗan sauƙaƙa mantuwar na wani lokaci. A waje an fito da wani na ƙarin ruwa mai share danƙon, amma jinkirta ciwon kawai yake yi, shi ma sai an kama shi da wuri. Tata ya wuce nan." Ta ɗaga rigarsa ta duba bayansa. "Kai, ko gyambo ɗaya babu! Wa ke yi masa wanka?"

Zoleka ta juyo. "Af, ni ma ban tambaya ba. Wa?"

"Wani maƙwabcinmu ne," Nolitha ta ce, idonta a ƙasa.

"A gaishe shi," in ji likitar. "Hannunsa ya fi duk abin da zan rubuta muku."

Suna layin karɓar magani abin ya faru. Tata ya miƙe daga benci, fitsari na bin ƙafar wandonsa har cikin takalmi. Mutane suka matsa. Wata mata ta ja tsaki.

"Wayyo, Tata! Zo mu je." Zoleka ta kama hannunsa.

Ya fizge da ƙarfin da ba wanda ya san yana da shi. "Wace ce ke? Ku raba ni da matar nan!"

"Ni ce Zoleka, 'yarka ta fari!"

Bai ko dube ta ba. Ya yi ta waige-waige har idonsa ya sauka kan Nolitha, sai ya ɗaga hannuwansa biyu sama, kamar mai jiran a cire masa riga.

Zoleka ta dubi hannuwan, ta dubi matar ƙanenta. Nolitha ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da ta tsaya inda take, da ƙaryarta ta kai gida lafiya. Amma tsohon ya fara rawar jiki, leɓensa na karkarwa.

Ta ciro tawul daga jakarta, ta ɗaura masa a ƙugu, ta riƙe shi. "Ga ni, Tata. Taho a hankali."

A banɗaki ta zo rufe ƙofa, sai ƙafar Zoleka ta tare. Nolitha ta sunkuyar da kai, tana jiran abin da za a kai wa mijinta da dangi.

Zoleka ta shigo. Ta cire agogonta ta jefa a jaka, ta naɗe hannun riga.

"Ta ina kike farawa?"

"Ta ƙafa, Sisi," Nolitha ta ce. "In aka fara ta fuska, tsoro yake ji."