Hantar da Yaya Ta Kawo

Burodi kawai ta fita saya, ta dawo ta tarar da takalman Yaya, yayar mijinta, a bakin ƙofa, ƙanshin soyayyiyar hanta kuma ya cika ɗaki. Gabanta ya faɗi.

Mijinta mai aski ne, kuma ciwon karkarwa ya kama shi. Tun da abokan ciniki suka fara tsegumi, mai shagon ya yanke magana: yau shi da kansa zai zauna a kujera a yi masa gyaran gemu da aska. In hannu ya tsaya, kujerar tasa ce. In ya yi rawa, sai a sallami juna.

Ita ta haddace bayanin likita kamar karatu. Maganin yana shiga ƙwaƙwalwa ne ta wata ƙofa matsattsiya, kuma ta nan amino asid, wato ƙananan sinadaran da ke fita daga nama da ƙwai, suke bi. In an ci nama sai su yi cincirindo, magani ya rasa hanya. Amma burodi ko shinkafa suna tayar da sinadarin insulin a jiki, shi kuma ya kora yawancinsu cikin tsoka, ƙofa ta samu sarari. Saboda haka da safe burodi da shayi, nama sai dare.

Yaya, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana zaune a kan tabarma ta tasa shi gaba. Kwanon ya kusa komawa wayam, leɓensa sai ƙyallin mai yake.

"Baban yara, me ka ci?" in ji matarsa.

Ya sunkuyar da kai.

"Abinci ya ci," in ji Yaya. "Dubi wuyansa kamar na zakaran da ya sha ruwan sama. Mutum zai je jarrabawa ki cika shi da burodi? Ai ba tantabara kike aure ba."

"Yaya, likita ya ce nama yana tare wa magani hanya."

"Hanyar ina? Hanta ce fa, ba tirela ba!"

Da wata rana ce da ta yi dariya. Yau kuwa haushi ne ya shaƙe ta, na Yaya kaɗan, nasa mai yawa. Ya san komai, tare suka zauna gaban likitan. Sai dai mutumin da furfura ta fito masa har yanzu bai iya ce wa yayarsa a'a ba.

Ta zuba sukari a shayi har cokali ya yi nauyi, ta tura masa burodin. "Ci. Ko Allah zai sa ya rage."

Ya cusa abin da ya iya, ya ɗauki jakar kayan aikinsa. Ta yafa mayafi ta bi bayansa, tana kallon yadda ƙafarsa ta hagu ta soma jan ƙasa.

A bakin shagon ta laɓe jikin gilashi. Mai shagon ya zauna, ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido. Sauran masu askin suka kashe injinansu. Mijinta ya ɗaura masa mayafi, ya shafa kumfa a hankali, kunci zuwa kunci. Har nan lafiya lau. Ya buɗe aska, ya sa sabuwar reza, ya ɗora yatsu biyu a maƙogwaron mutumin.

Sai ta ga babban yatsansa ya fara motsi, ɗan kaɗan, irin wanda ita kaɗai ta sani. Mai shagon idonsa a rufe, bai ga komai ba. Ta ji zuciyarta tana cewa yi sauri, ja sau huɗu ka gama, wa zai sani? Kunya ta kama ta, amma ba ta fasa fatan ba.

Ya daɗe a tsaye, askar tana dab da fata. Daga nan ya naɗe ta, ya ajiye a kan teburi.

"Maigida, buɗe idonka. Ba zan sa ƙarfe a wuyanka ba."

Mai shagon ya dube shi ta madubi, ya dubi hannun da yanzu ke kaɗawa a fili. Bai yi faɗa ba. Ya yafito na kujerar kusa ya zo ya ƙarasa.

Mijinta ya fito rungume da jakarsa. Ta dubi fuskarsa. Ta karɓi jakar. Sun kusa kwanar gida ya tsaya, ya riƙe hannunsa na dama da na hagu.

"Don Allah," ya ce, "kada ki gaya wa Yaya hantarta ce."