Yaron da Ya Faɗi Gwaji Shi Kaɗai

Tun da aka ce za a auna halin yara 'yan shekara huɗu da tambayoyi, hankalina bai kwanta ba. Hali ai ba hatsi ba ne da za a zuba a mudu. Amma uban yaron yana kan hanya da babbar mota, uwarsa ba ta da lafiya, dole ni kakansa na riƙo hannun jikana, wanda muke kira Ƙwaro, muka nufi makarantar yara.

A kan bencin ƙofar ofis na tarar da iyaye suna ta ƙus-ƙus. Matar tela, maƙwabciyarmu, ta matso kusa da ni.

"Baba, duk abin da aka tambaye ka, ka ce a'a. Dabara ce ta rage yara."

"In yi ƙarya da furfurata? Ramin ƙarya ƙurarre ne, 'yar nan."

"To, kai ka sani."

Mai gwajin wata matashiya ce mai tabarau, murmushinta ya yi mini yawa.

"Baba, yakan yi faɗa da yara?"

"Kullum."

"Yakan kasa zama wuri ɗaya?"

"Ɗan shekara huɗu mai zama wuri ɗaya ai sai marar lafiya."

"Yakan ɗauki abin da ba nasa ba?"

"Jiya a bokitin wanki na tsinci tocilata. Wai wa ya tsara tambayoyin nan?"

"A wata ƙasa aka tsara su, aka fassara mana."

"Su can sun taɓa ganin Ƙwaro?"

Ta yi dariya, ta ci gaba da rubutu. Ni ban yi ba.

Mako na zagayowa hedimasta ya aiko kirana. Wai duk ajin sun fito tas, jikana kaɗai ke da matsalar ɗabi'a, in nema masa makaranta ta musamman. Yana magana yana gyara biro a aljihu, ya ƙi haɗa ido da ni. Na san akwai masu jiran gurbi, na kuma san ruwa ba ya tsami banza. Na jawo kujera na zauna, na ce ba inda za ni sai an kira mai tabarau.

Da ta zo, ba murmushi.

"Ranka ya daɗe, ban ce a cire kowa ba," ta ce wa hedimasta. "Aji guda, ba wanda ya taɓa faɗa, ba wanda ya taɓa kuka? Ko dai tambayoyin ba su dace da mutanenmu ba, ko iyayen sun haɗa baki." Ta juyo gare ni. "Baba, me aka faɗa a kan bencin nan?"

"Baki shi ke yanka wuya, 'yata. Nawa na faɗa miki. Na wasu, ki tambaye su."

Ta ce to, za ta zauna cikin ajin ta gani da idonta. Na ce ni ma zan tsaya a taga in ga abin da za ta gani, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Washegari tana kallon yara, ina kallon ta. Ɗan matar tela ya gartsa wa wata yarinya cizo. Wasu biyu suka yi kokawa kan murfin kwalba. Ƙwaro ya hau tebur, ya sauko, ya sake hawa. Sai na ga ta zagaya bayansa tana motsa baki. Na ce a raina, ga makircin ya fara.

Da aka tashi ta same ni a bakin ƙofa.

"Kujerarsa tana nan, Baba, ƙiriniyarsa irin ta kowa ce. Amma a kai shi a duba kunnensa. Na kira shi ta baya bai waiwayo ba."

"Wannan ma yana cikin tambayoyinku?"

"Babu shi."

Na riƙo hannun Ƙwaro muka nufi gida. Sai da muka shiga lungunmu, inda ba ƙarar mota, na saki hannunsa ya wuce gaba.

"Ƙwaro," na ce a hankali.

Yana ta shurin gwangwani.

"Ƙwaro!"

Sai da na dafa kafaɗarsa ya ɗago, yana washe baki.

"Tsoho, ka gaji ne? In goya ka?"

"Rufe mini baki, ja'iri," na ce, na sunkuya daidai fuskarsa don ya ga bakina. "Gobe da safe asibiti za mu, daga can in kai ka aji da kaina, hedimasta yana gani."