Shaho a Kaset ɗin Biki

Ranar da 'yan tsakin Inna Hanatu suka sake raguwa, ta yafa gyale ta nufi ƙofar Mai'unguwa Bashar, ba ta tashi ba sai da ya yi mata alkawari. Bayan cin kasuwar Bilbis za a kira masu gatari su sare rimin da ke bakin masussuka. A ƙololuwar rimin nan wasu shaho biyu suka yi sheƙa, sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan ko gashin kirki ba su yi ba. In rimi ya faɗi, da su zai faɗi.

Sabiru, malamin gonar da aka turo ƙauyen daga Tsafe, yana jin labari ya taho a fusace.

"Ranka ya daɗe, wa ya ga shahon nan da ɗan tsako a ƙafa?"

"Kowa ya sani," in ji Mai'unguwa.

"Cewa na yi wa ya gani."

"Malam Sabiru, tun kana goye shaho ke ɗaukar tsaki. Sai mun gani?"

Haka ake yanke hukunci a ƙauyen. Ga ɓeraye sun huda rumbuna, ga muzuru yana shiga gidaje kamar mai gado, amma ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya duba abin da tsuntsayen ke kai wa 'ya'yansu. Sabiru ya rantse ɓera suke ci, kuma ya ce zai nuna. A Gusau ya taɓa gani a talabijin, Turawa sun kafa kyamara a sheƙar wata mikiya mai farin kai, duk abin da ta kawo ana kallo tamkar a tafin hannu.

"To kawo muna mu gani," in ji Mai'unguwa. "In ɓera ne, rimi ya tsira. In tsako ne, kai za ka kama ma masu gatari igiya."

Mai kyamara ɗaya Sabiru ya sani, Caleb na Tudun Wada a Gusau, wanda ke ɗaukar bidiyon biki da suna. Ya je ya goyo shi a babur. Kafin nan kuwa ya bi gida gida yana roƙo kada kowa ya kusanci rimin, don shaho ba ya sauka inda ake hayaniya. Aka tambaye shi dalili, ya ce ai bidiyo za a ɗauka.

Da hantsi suka iso, suka tarar da gindin rimi ba wurin sa ƙafa. Mai'unguwa ya sha babbar rigar da ke warin adaka, mahauta sun wanke hannu sun sa huluna, mata sun jeru da sababbin atamfofi. Inna Hanatu ta zo rungume da kazarta, wai ita ce mai ƙara.

"Na ce kada kowa ya zo!" Sabiru ya daka tsawa.

"Ai ba mu zo ba," in ji wani mahauci. "Wucewa mukai."

Caleb ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya karkata ta sama wajen sheƙa. Ya gargaɗi Sabiru cewa batir ɗaya ya zo da shi, ba zai kai azahar ba. Shiru ya ɗan samu. Sai Mai'unguwa ya yi gyaran murya, ya tako ya tsaya gaban kyamara, ya gyara wuyan riga. Hannun Caleb da kansa ya sauko da kyamara kan Mai'unguwa.

"Sama, Caleb! Sama!"

"Malam, babban mutum ya tsaya. A aikinmu ba a yin haka. Na taɓa tsallake kawun amarya a Wanke, a ƙafa na fito titi."

Mai'unguwa ya yi jawabi, ya gaida ɗansa da ke Legas. Bayansa Sarkin Noma ya shigo, shi ma babban mutum ne. Daga nan mahauta suka shigo, don ba za a ɗauki Sarkin Noma a bar su ba. Caleb yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Baba, ɗan murmushi. Hajiya, matso kaɗan." Shaho kuwa yana can sama yana shawagi, ya ƙi sauka. Sabiru ya yi roƙo, ya yi faɗa, har ya yi musu Turanci, bai ga ko ɗaya ya motsa ba.

Inna Hanatu ce ta ƙarshe. Ta gyara kazar a hammata, ta fara gaida 'yarta Wasila da ke aure a Bungudu. Jama'a suka yi tsit don su ji abin da za ta ce, kuma a cikin wannan shirun shaho ya sulalo. Sabiru ya gan shi da idonsa, ƙafafunsa riƙe da wani abu mai doguwar wutsiya.

"Ga shi! Caleb, ga shi nan!"

Caleb ya wurga kyamara sama. Jar fitila ta yi ƙyafta, ta mutu.

Ana gobe kasuwa Caleb ya dawo da kaset. Aka aro talabijin da janareta a wurin mai shayin Bilbis, aka toshe ƙofar zauren Mai'unguwa da tabarma don hasken rana, mutane suka cika har waje. Kaset ya fara da kiɗa. Rimi ya bayyana, furanni sun kewaye shi, sai ga rubutu yana tahowa daga ƙasa: Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari.

"Amin," in ji zaure gaba ɗaya.

Sabiru ya juya ya harari Caleb.

"Haka injin yake," Caleb ya ce a hankali. "Ban taɓa cirewa ba, ban san inda ake cirewa ba."

Daga nan ba a ƙara jin maganar kowa ba sai ihu. Kowa ya ga kansa sai ya ce a mai da baya. Mai'unguwa ya kalli jawabinsa har ya fara bin bakin kansa. Da ƙyar aka iso wurin Inna Hanatu. Tana cikin magana, wani baƙin abu ya gifta ta bayan ɗankwalinta. Sabiru ya yi tsalle ya danna, hoto ya tsaya yana karkarwa, layuka suna ratsa shi.

"Ku duba! Ga wutsiya nan! Tsako yana da wutsiya haka?"

"Wanga ai bakin ɗankwalina ne," in ji Inna Hanatu.

"Ni kamar reshe nag gani," in ji Sarkin Noma.

"Malam, ka matsa, ka tare muna!"

Aka saki kaset. Inna Hanatu ta talabijin ta ce, "Wasila, ki gaya ma mijinki," sai hoto ya yi sama, ganye ya yi juyi, komai ya yi baƙi.

Inna Hanatu ta zaure ta miƙe tsaye.

"Ina sauran? Mi zan gaya ma mijinta? Kowa ya gama nashi, ni anka yanke? Ni da nak kawo ƙara?"

Nan fa magana ta ɓarke. Liman ya ce shi ranar yana wurin ɗaurin aure, ba a ɗauke shi ba. Waɗanda suka tafi daji itace suka ce ba a yi musu adalci ba. Inna Hanatu ta ce a sake, kuma a wuri ɗaya, don inuwar rimin ta fito mata da atamfa. Mai'unguwa ya ɗaga hannu ya yanke hukunci: ba mai taɓa rimin nan sai Caleb ya dawo ya ɗauki kowa.

Sabiru ya miƙe. Ya kawo musu hujja ba su duba ba, yanzu kuma za su bar itace saboda atamfa. Ya buɗe baki zai faɗa musu abin da ya kamata a ce wani ya faɗa musu tuntuni.

"Ranka ya daɗe, wannan ba…"

"Na'am, Malam? Akwai magana?"

Sabiru ya tsaya. Ta gefen tabarmar ƙofa yana hango kan rimin.

"Babu," ya ce, ya zauna.

A hanyar Tsafe, Caleb na bayan babur rungume da kyamara, suna hawa kwalta Sabiru ya ɗan waiwayo.

"Yaushe kake da sarari?"

"Ko jibi ma, Malam. Aiki ya yi sanyi."

"Ba ka da sarari. 'Ya'yan nan ba za su iya tashi ba sai gab da faɗuwar damina. Kana da biki kullum har lokacin."

"In Mai'unguwa ya aiko fa?"

"Ka ce batir ɗin yana Kano."