Sunan Ɗan Fari

Tun da aka idar da sallar asuba Zuwaira ba ta zauna ba. Ina zama! Yau ce ranar buɗe Inuwar Yara, kuma duk gidan da ka leƙa a unguwar, zancen ke nan a bakin mata. Ta share tsakar gida, ta dama koko, ta goya jaririyarta Bilkisu, sannan ta sake kwance ƙullin shuɗɗan rigunan yara da ta ɗinka a kekenta, tana shafa su kamar kayan lefenta.

Mijinta Lawan, wanda yake dillancin shanu a kara, ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya.

"Zuwaira, rigunan nan fa ba guduwa za su yi ba."

"Kai dai Malam, ka tabbata ka zo. Har mai unguwa zai zo, kar a neme ka a ce kana can kana taya sa."

Ga yadda abin ya samo asali. Kowa ya san Juma'a, ranar kasuwa, a Wudil: garin nan cika yake ya batse, motocin shanu suna ta gurnani a kan gada. Mata kuwa suna cikin gida suna fama da suya da dahuwar abincin sayarwa, ba mai lokacin kansa. Ƙananan yara sai su zame su yi bakin titi. Wata ta kulle nata a ɗaki, wata kuma in gajiya ta kai mata karo ta huce a kan ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ranar da aka tsinto wani ɗan yaye yana wasa shi kaɗai a bakin kogi, ranar matan unguwa suka ce ya isa haka. Suka taru a gidan Iya Auta, tsohuwar ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwar, mai baki kamar reza da zuciya mai taushi. Aka yanke cewa duk ranar kasuwa a kawo yara gidanta, mata su riƙa karɓa-karɓa: a yi musu wanka, a ciyar da su, a bar iyaye su yi sana'a hankali kwance.

Sannan aka kafa doka guda. Duk macen da ta tuɓe yaro za ta yi masa wanka ta ga tabon duka, to ta faɗa nan take, da ƙarfi, kowa ya ji. Wa ya kawo wannan doka? Zuwaira ce, da bakinta! Har da buga ƙirji: "Ko ɗan liman ne, wallahi sai na faɗa."

Amma akwai wani abin da ya fi bikin sa ta rawar ƙafa yau, wanda ko an ɗora mata wuƙa ba za ta furta ba. Garzali zai zo.

Garzali shi ne ɗanta na fari. Tun da aka yaye shi, Yaya Sharifa, yayar Lawan, ta ɗauke shi riƙo zuwa Indabo, don ita nata duk sun girma. Zuwaira kuwa a gidan kunya ta tashi. Mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa, balle ta shiga faɗansa. Shekarar yaron biyar, sunan nan bai taɓa ratsa leɓenta ba. In ya zama dole sai ta ce "ɗan Indabo". Amma jama'a, kunya ba ta hana so. A cikin rigunan nan akwai guda ɗaya da ta yi wa aljihu a gaba, ita kaɗai, ta tura ta can ƙarƙashin ƙullin.

Kafin hantsi ya dubi ludayi gidan Iya Auta ya ɗinke. An shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, tukunyar shinkafa da wake tana tafasa, yara suna ta tsalle kamar an kwance 'yan awaki. Maza suna waje a kan benci tare da mai unguwa. Mata sai guɗa suke, wata ta saki wata ta kama. Zuwaira tana nan tana can, a kira ta gabas ta amsa a yamma, amma kunnenta yana bakin zaure.

Sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya. Yaya Sharifa ta shigo tana dafe da ƙugu, ga yaro a bayanta sanye da riga mai dogon hannu, mai kauri, a wannan uban zafi. Zuwaira ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Yaya. Kun zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen Indabo? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Bayan ne dai yake matsa mini."

Yaron ya rusuna ya ce, "Ina kwana." Zuwaira ta kafa wa reshen darbejiya ido kamar shi ya gaishe ta.

"Yaya, ɗan naki ya yi tsayi," ta ce. Zuciyarta kuwa kamar ta faso ƙirji don murna.

Iya Auta ta tafa hannu. "To, a jera yara! Wanka tukuna, sannan riga, sannan abinci."

"Wannan an yi masa wanka a gida," in ji Yaya Sharifa da sauri.

"Ko a kogi aka wanko shi sai an sake. Doka ce, Sharifa."

Baho uku aka ajiye a bayan ɗaki. Zuwaira ta yi ta dabara don yaron ya faɗa layin wata, amma ina, layi ya kawo shi gabanta tsaf. Iya Auta ta hango ta tana noƙewa, ta ce, "Ke 'yar nan, wanka aka ce, ba goyo ba. Yi masa mu gani ko hannun zai guntule!" Mata suka kwashe da dariya, kowa ta koma kan aikinta.

Garzali ya riƙe gefen rigarsa gam. Zuwaira ta ɓamɓare 'yan yatsunsa a hankali, ta ɗaga rigar.

Inna lillahi! Bayan yaron nan duk shatin tsumagiya ne. Wasu sun bushe sun yi baƙi, wasu ɗanyu ne jajir, tun daga kafaɗa har gadon baya. Soson ya suɓuce daga hannunta ya faɗa ruwa.

"Fitsarin kwance na yi," yaron ya raɗa mata. "Kar ki gaya wa Gwaggo kin gani."

Da ɗan maƙwabta ne, wallahi da tuni muryar Zuwaira ta kai gada. Amma wannan? Ta tashi a gaban matan unguwa ta tsaya wa ɗan fari? Ta tona yayar mijinta, wadda ta karɓi yaro don zumunci? Gobe a ce 'yar gidan wane ba ta da ta ido, ta zubar da tarbiyyar gidansu. Ta zuba masa ruwa sama-sama, ta zaro rigar nan mai aljihu, ta zura masa da sauri. Ita da ta kafa dokar, ita ce ta fara rufe tabo, kuma da rigar da ta ɗinka da hannunta.

Aka ci gaba da shagali. Yara shuɗɗa reras a kan tabarma suna ta cin shinkafa, mai unguwa yana sa albarka daga zaure, mata suna amsawa da amin. Zuwaira tana rabon ruwa, amma ba ta ganin gabanta. Ta ji haushin kanta kamar ta mutu.

Ana cikin haka Yaya Sharifa ta miƙe tana gyara mayafi.

"Iya, mu za mu koma, kafin hanya ta cushe da motocin shanu." Ta kama hannun yaron. "Taso mu tafi."

Ya tashi, ko gama cin abincin bai yi ba. Zuwaira ta bi bayan 'yar shuɗiyar rigar da kallo. Ta san abin da ke ƙarƙashinta, ta kuma san yau ma zai kwanta, gobe ma tabarma za ta jiƙe. Sun wuce tukunya. Sun wuce randa. Sun sa ƙafa a bakin zaure.

"Garzali!"

Kai! Gidan nan ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Mai rabon abinci ta tsaya da ludayi a sama. Tsofaffi suka kama haɓa. Ita kanta Zuwaira sai da ta ji sunan ya yi mata baƙo a baki, amma ta riga ta fara.

"Garzali, dawo nan!"

Ta taka har inda yake, ta juya shi, ta ɗaga rigar kowa ya gani. Muryarta ta fita sarai.

"Iya, na ga tabo. Tun wajen wanka na gani na rufe, don kunya. Ɗana ne. Ku faɗi abin da za ku faɗa a kaina, amma yau ba zai koma ba."

Salati ya tashi ta ko'ina. Yaya Sharifa ta zaburo. "Ni za ki tozarta, Zuwaira? Ni da na riƙe miki ɗa? Yaro kullum ya jiƙa mini shimfiɗa, ni da ciwon baya, ruwa sai na je rijiya! Mu ba haka aka yi mana muka daina ba?" Sai muryarta ta karye, ta fashe da kuka.

Iya Auta ta jawo ta ta zaunar a kan tabarmarta. "Sharifa, ni na karɓi haihuwarki, don haka ki saurare ni. Ba wanda ya ce ba kya son yaron nan. Gajiya ce ta yi miki yawa, ba mai taya ki. Amma fitsarin kwance ba taurin kai ba ne, kuma duka ƙara shi yake yi. Laifinmu ne mu ma, da muka miƙa miki ɗa muka juya baya." Ta ɗaga murya. "A kira mini Lawan!"

Lawan ya shigo, ya dubi bayan ɗansa. Shi ma ɗan fari ne a ɗakinsu, don uba kawai suka haɗa da Yaya Sharifa. Har mahaifiyarsa ta koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya durƙusa a gaban yayarsa.

"Yaya, kin yi mana abin da ba za mu iya biyanki ba. Amma ki bar shi a nan. Ni da kaina zan riƙa kawo miki shi kuna gaisawa."

Yaya Sharifa ta share ido da gefen mayafi, ta gyaɗa kai.

"To, Indabo ma sai mun je!" wata ta faɗa daga baya. "Mu kafa musu irin wannan, Yaya Sharifa ta zama uwar gida!" Nan fa aka ɗauka, wannan ta ce za ta kai tabarma, waccan ta ce baho. Wata tsohuwa da ɗazu ta kama haɓa, ita ce ta fara rangaɗa guɗa, gidan ya sake kacamewa.

Zuwaira ta ja yaron gefe, ta zauna, ta ɗora shi a cinya a gaban kowa, tana shafa masa man kaɗanya a baya. Garzali yana ta wasa da aljihun rigarsa. Can ya ɗago ya dube ta, da mamaki sosai a fuskarsa.

"Ashe kin san sunana?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, ba abin da ya fito sai sunan. Ta faɗa, ta sake faɗa, hawaye yana ɗiga a kan shuɗiyar rigar, shi kuma yana ta amsawa, "Na'am. Na'am."