Gaisuwa da Ƙafafun Baba

Shekara talatin da biyar Babanmu ya yi yana koyar da lissafi da kimiyya a makarantar sakandare. Da ya yi ritaya sai ya rasa wanda zai gyara wa kuskure, don haka ya juya kan kayan gida. Ya kwance fanka, ya kwance dutsen guga, ya kwance injin markaɗen Mama. Wasu sun tashi, wasu har yau suna cikin kwali suna jiran abin da yake kira ɗan ƙaramin abu guda. Da na cikin ɗaki suka ƙare, ido ya koma kan motarsa.

Abin dariyar shi ne, mijina bakanike ne, da garejinsa na kansa. Amma tsakaninsa da Baba akwai wata kunya da ta ƙi tsufa. Shekararmu shida da aure, har yanzu in Baba ya shigo falo sai ya zame daga kujera ya koma ƙasa, kuma ko Baba ya ce rana daga yamma take fitowa, haka ne kawai zai ce. Shi kuwa Baba Injiniya yake kiransa, rabi girmamawa rabi tsokana, kuma bai taɓa kai masa mota ba. Wai ba zai sa surukinsa birgima a ƙasa dominsa ba.

Wata Asabar da hantsi muka je gaishe su. Tsakar gidan rabi siminti ne, rabi ƙasa, kuma a ɓangaren ƙasar itacen inuwa yake, inda Mama ke zubar da ruwan wanki. Muna shiga muka hango motar a can, ta karkace kamar mai ɗingishi, an cire mata tayar baya ɗaya an jingine da bango. Daga ƙarƙashinta ƙafafu biyu ne suka leƙo, sanye da silifas ɗin Baba.

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga fuskar maigidana. Ban taɓa ganin ta haka ba. Idonsa na kan ɗan siririn jak ɗin nan da ke zuwa da mota don canjin taya a hanya. Shi kaɗai ke ɗauke da motar, gindinsa ya fara shiga danshin ƙasa, ya ɗan sunkuya gefe. Kusa da shi Baba ya tura bulon siminti guda, irin mai ramuka, wai ko da tsautsayi.

Duk da haka sai da ya tsuguna ya gaida ƙafafun. Murya ta fito daga ƙarƙashin mota tana amsawa da fara'a, tana tambayar aiki da mutanen gareji, babban yatsa yana motsi. Baba ya ba mu labari cewa maɗaurin salansa, wato bututun hayaƙin motar, ne ya tsinke, ya sayo sabo, yau zai nuna wa masu cewa malami alli kawai ya iya riƙewa.

Maigidana ya raɗa min a kunne in fito da shi yanzun nan, kuma kada kowa ya jingina da motar. Na durƙusa na ce Baba ya fito mu gaisa sosai mana. Ya ce ai mun gaisa. Na ce Mama na kira. Ya ce Mama ta shekara arba'in tana kira, minti biyar ba zai rage ta da komai ba. Noti ɗaya ne ya ƙi kwancewa, bari ya ɗan ja shi da ƙarfi. Muka ji sifana ta kama, motar ta yi ɗan motsi, jak ɗin ya yi ƙara siririya.

Gumi ya keto wa maigidana. Da yaronsa ne a gareji, da tuni ya fizgo shi ta ƙafa. Amma ta ina zai kama ƙafar surukinsa ya ja? Kuma ya san in ya ce Baba ya yi kuskure, Baba zai kwanta a wurin ya kare kansa da hujja har azahar. Ya dube ni, ya dubi jak ɗin, sai ya gyara murya ya ɗaga ta yadda na ƙarƙashin mota zai ji.

"Kin ga hikimar Baba ko? Ai a ƙasa mai laushi, jak mai ƙaramin gindi ya fi riƙe nauyi. In gindin ya yi faɗi, nan ne yake nutsewa."

Sifana ta yi shiru. Babban yatsan ya daina motsi.

"Injiniya, wa ya koya maka wannan?"

"Haka dai muke ji a gareji, Baba."

Ban san Baba yana da sauran irin wannan zafin nama ba. Ya zamo da baya ya fito, ƙura a furfura, tabarau a karkace, ya ce in miƙo masa ɗan gawayi. A jikin bango ya fara darasi. Ya ce nauyi in ya taru a ɗan ƙaramin wuri hudawa yake yi, in ya bazu a wuri mai faɗi sai ya zauna. Shi ya sa allura ke shiga yadi maɓalli ba ya shiga. Shi ya sa in Mama ta sa takalmi mai tsini ranar ruwa take barin ramuka tun daga ƙofa, ranar silifas kuwa babu. Maigidana yana tsugune yana gyaɗa kai kamar ɗan aji ɗaya, a hankali kuma yana matsowa har ya shiga tsakanin Baba da motar.

Baba ya juya neman misali na uku. Ya ɗaga gawayin ya nuna jak ɗin, ya ce, "Ɗauki wannan, alal misali. Gindinsa bai fi tafin hannu ba, ga mota mai nauyin..." Sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sunkuya ya ƙara dubawa. Rabin gindin jak ɗin ya riga ya shige laka.

Ya miƙe ya ce ai shi ya sa ya tanadi bulo.

Nan ne maigidana ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya nemi izini ya gwada. Ya sa duk muka ja da baya, har Mama da ta fito daga kicin tana goge hannu. Ya tsaya daga gefe ya ɗora tafin hannu ɗaya a jikin motar, ya tura kaɗan, irin turin da ake yi wa ƙofar da ta cije. Jak ɗin ya kwanta. Motar ta sauko kan bulon, bulon ya fashe kamar biskit, ta zauna a ƙasa da wata ƙara da ta tayar da tsuntsayen da ke kan itacen.

Can maigidana ya leƙa ya zaro abin da ya iya zarowa: tiren da Baba ke tara notuka a ciki, wanda ya ajiye dab da ƙirjinsa. Ya koma kamar takardar da aka murƙushe.

Mama ta karɓa tana jujjuya shi. Ta ce wannan tiren baƙinta ne, wa ya ba Malam izinin ɗauka? Ta yi ta faɗa a kan tiren, tun daga ranar da ta saye shi har yawan baƙin da suka sha shayi a kansa, hawaye na zuba, ba ta ko dubi motar ba. Baba ya ajiye gawayin. Ya zauna a kan tayar da ya cire, ya dafa gwiwa, ya daɗe yana kallon ɓaraguzan bulon. Da Mama ta shige ciki, ya ce a hankali, "To, Injiniya. Yau kai ne malami."

Maigidana ya ce a'a, shi dai zai taya Baba ne kawai. Ya fita ya buɗe but ɗin motarmu ya shigo da babban jak na gareji da matokarai biyu na ƙarfe, kowanne da ƙafa huɗu a buɗe da wuyan da ake ɗagawa a soke da fil. Ya shimfiɗa katako mai kauri a ƙasa, ya ɗaga motar a kai, suka mayar da tayar, muka tura motar zuwa kan siminti inda yake a baje. Baba ya yi ƙorafin cewa can babu inuwa. Aka ba ni lema na riƙe.

Daga nan komai a jere ya tafi, kuma yadda maigidana ya tsara, kowane mataki tambaya ce. Baba, ko a ja birkin hannu a sa ta a giya? Baba, da yake baya za a ɗaga, ko a sa wa tayoyin gaba waigi, gaba da baya, don kada ta gangara? Baba ya gane wasan sarai, amma yana amsawa da ƙasaita, a ja, a sa. Maigidana ya kama hannunsa ya shafa masa ƙasan motar, ya nuna masa wurin da ƙarfen ya yi kauri, mai 'yar alama, ya ce nan aka yi don ɗaukar nauyi, sauran duk gwangwani ne. Suka ɗaga, suka tura matokaran ɗaya dama ɗaya hagu a tsayi guda, suka soke fil, sannan suka sassauta jak a hankali har motar ta zauna a kansu.

"Shi jak aikinsa ɗagawa ne, Baba, ba riƙewa ba. In ya ɗaga ya gama nasa."

Baba ya ce wannan jimla ce mai kyau, da ɗalibi ne ya rubuta da ya ba shi maki tara cikin goma.

Aka sake cire tayar, maigidana ya kwantar da ita a ƙarƙashin gefen motar don ƙarin tsaro. Sannan ya ce Baba ya girgiza motar da kansa. Baba ya tura da hannu ɗaya. Ya tura da biyu. Ya juya ya sa mata kafaɗa har silifas ɗinsa ya zame. Motar ko gezau.

Tare suka shiga, kafaɗa da kafaɗa a kan kwali ɗaya. Ni da Mama muka zauna a baranda muna kallon ƙafafu huɗu. Aikin da bai fi na minti ashirin ba ya kai su sa'a guda da rabi. Da farko sunayen sifanu kawai muke ji, daga baya muka fara jin dariya, har da ta maigidana, wanda ban taɓa jin ya yi dariya da sauti a gidanmu ba. Mama ta ce lallai duk wanda ba ya iya haɗa ido da surukinsa a nema musu ƙarƙashin mota, tunda can kowa sama yake kallo.

Da za mu tafi, maigidana ya loda jak ɗinsa, ya bar matokaran a jikin bango kamar ya manta. Baba ya gani, ya kau da kai kamar bai gani ba. Ya rako mu har bakin ƙofa, ya leƙo ta taga ya ce wa Injiniya, ranar Asabar mai zuwa yana son ya juye baƙin mai, in ba zai takura ba ya zo da wuri, kuma ya biya kasuwa ya taho wa Mama da tire, mai fure a tsakiya, don shi ba a yarda ya sake shiga kicin ba.