Sabbin Injinan Danwarai

A shekarun farko na jihar Kebbi, mutum uku ne ke riƙe da ban ruwan manoman albasa na Danwarai. Dalhatu mai walda a Jega Sabon Gari yana haɗa bututu, Magaji bakanike a Aliero yana gyaran inji, Mamman na Maiyama kuwa shi ke haƙa rijiyoyin fadama. In ɗaya ya gano wata dabara, ran kasuwar Jega zai gaya wa sauran, su gwada, su yi gardama, su gyara.

Ana nan sai ga wani Sadiq, wakilin wani kamfanin injina, mutum mai sanyin murya da fara'a. Shagon Dalhatu ya fara sauka.

"Ba mu zo raba ku ba," in ji shi. "Abokan aiki muke nema. Injin namu, hannun naku."

Dalhatu ya ga injin, ya ji ƙararsa lafiya lau, ya yaba. Shi da kansa ya kai Sadiq Danwarai, ya tsaya gaban manoma ya ce, "Ni na san shi, ku karɓa." Suka karɓa, motar kamfani ta kwashe tsoffin injinansu a matsayin musaya.

Abu ɗaya ya fara damun Dalhatu: Sadiq bai taɓa yarda ya zauna da su ukun wuri guda ba. Kowa a shagonsa yake samunsa, kowa da abin da ake gaya masa. Magaji ya daina zuwa hirar ran kasuwa. Da suka yi kiciɓis da Dalhatu a tasha, ya kawar da kai ya ce, "An hana ni hwaɗin abin da anka koya min."

Da rani ya tsananta, bututun wani manomi ya tsage. Dalhatu ya haɗa sabo kamar yadda ya saba, ya kai gona, amma bakinsa ya ƙi shiga injin. Ya juya, ya goge, ya sake awo, a banza. Ya ɗauki injin ya nufi Aliero. Magaji ya ɗauko makullansa na kwance inji duka ya zube, ba wanda ya kama noti ɗaya.

"Mabuɗin yana wurin Sadiq," ya ce. "Ni ma ban taɓa ganin cikinsa ba sai yana tsaye."

Aka aika neman Sadiq. Ofishin da ya kama a Jega Firchin yana rufe, mai gidan ya ce an canza wa Sadiq wurin aiki, wani zai zo.

Injina suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Ganyen albasa ya fara kwantawa.

Ranar Juma'a bayan masallaci, Dalhatu ya dawo ya tarar da mutanen Danwarai zaune a ƙofar shagonsa, sun jera injinan a ƙasa. Ya yi sallama. Suka amsa a hankali, amma ba wanda ya matsa ya ba shi hanya.