Huɗu Bisa Goma

Shekara talatin da uku Malam ya yi yana koyar da Turanci, kuma da ya ajiye aiki bai ajiye jan bironsa ba. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Jan Biro tun yana da sauran baƙin gashi, shi kuwa maimakon ya ji haushi sai ya rungumi sunan kamar lambar yabo. Mutum ne da ko katin gayyata aka kawo masa sai ya gama farautar kuskure kafin ya duba ranar taron. Biron kullum yana aljihun gaba, ko masallaci za shi.

Maiɗakinsa, wadda yake kira Innar yara, aji uku kawai ta yi a makaranta, jinyar mahaifiyarta ta zaunar da ita a gida. Rashin Turanci bai taɓa hana ta barci ba sai da Autarsu ta bi miji wata ƙasa mai nisa, ta haifi 'ya aka mayar mata da sunan Inna, ana ce mata Takwara. Yarinyar ta kai shekara shida, amma Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Kowace Lahadi da la'asar Auta kan kira su ta bidiyo. Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Ƙawata!" yarinyar ta ce, "Sannu," shi ke nan zance ya ƙare. Sai ta miƙa wa Malam wayar, shi da jikarsa su yi ta zuba, ita ta koma gefe tana kallon bakinsu. A 'yan kwanakin nan ma yarinyar da ta ga fuskar kakarta sai ta fara leƙen bayanta tana neman kakan.

Abin da ya kai Inna ajin manya na unguwa ke nan, Litinin da Laraba da safe. So take ta yi hira da Takwara da bakinta kafin yarinyar ta gama yar da ita. Sai da ta yi wata biyu tana zuwa Malam ya sani.

"Ga ni zaune a gida, ki tafi neman Turanci a waje?"

"Kai ai ka gaji, Malam. Ka huta."

Ya ɗauka girmamawa ce, har ya ji daɗi.

Wata Talata da hantsi ta tafi kasuwa, shi kuma ya shiga ɗakinta neman almakashi. A kan tsohon keken ɗinkin da ya zama wurin ajiye kaya ya ga littafinta. Ya buɗe. A saman shafin malamar ajin ta rubuta "I used to", ta yi bayani da Hausa a ƙasa: da wannan ake faɗin abin da mutum ya saba yi a da, yanzu ya daina, kowa ya rubuto jimla goma a kan rayuwarsa. Ga jimlolin Inna a jere, da fensir, manyan haruffa masu karkata kamar za su faɗi.

Tun a layin farko ya ga ta manta harafin d a ƙarshen "used". Hannunsa ya kai aljihu da kansa. Duk wanda ya taɓa makin takarda ɗari biyu a zama guda ya san yadda abin yake, ido ba ya bin magana, kuskure kawai yake tsinta. Ya kewaye nan, ya ja layi can, ya soke wata kalma ya ɗora daidai a samanta. Ko minti biyu bai yi ba. A ƙasa ya rubuta huɗu bisa goma, ya ja layi biyu, ya ƙara da abin da ya saba rubuta wa malalatan ɗalibai, cewa a zo a gan shi. Ya yi dariya shi kaɗai. A ganinsa ya shirya mata wasa ne mai daɗi.

Da ta dawo yana falo ya fake da jarida, yana jiran ta fito da littafin tana mita su yi dariya. Ta tsakanin labule ya hango ta tsaye, ledar kasuwa a hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta rufe, ta jefa shi cikin durowar keken, ta fito.

"Malam, a dafa maka shayi?"

Laraba ba ta je aji ba. Litinin ma haka. Ranar Lahadin da ke tsakani ko hannu ba ta ɗaga wa Takwara ba, ta ce tana da tukunya a wuta.

A mako na biyu malamar ajin ta zo gidan. Mace ce da ta doshi arba'in, kuma tsohuwar ɗalibar Malam ce, ta sha jan bironsa har ta ƙoshi. Inna ta aiko daga ɗaki cewa kanta ke ciwo. Malamar ta rusuna ta gaishe shi, ta zauna a bakin kujera.

"Malam, lafiya Inna ta daina zuwa? Ita ce fa ta fi kowa himma."

"Himma ba ta isa ba, 'yata. Ba ku matsa musu. Bari ki gani."

Da kansa ya je ya ɗauko littafin, ya buɗe mata shafin yana nuna jan da yatsa. Harafi guda, ya ce, ya ɓace a jimla shida. Malamar ta karɓa ta karanta, ta sake karantawa, ba ta ɗago ba.

"Malam, wannan harafin ai ko masu harshen ba a jin sa a bakinsu in suna magana. Ita kuma magana take so ta yi da jikarta, ba jarrabawa za ta zauna ba."

"Kuskure kuskure ne."

"Haka ne, kai ka koya mana. Amma ka karanta kuwa?"

"Ni da na yi makinsa kike tambaya?"

"Na ga makin, Malam. Cewa na yi, ka karanta?"

Ta ɗora masa littafin a cinya da hannu biyu, ta yi sallama ta fita. Ya so ya yi fushi, yarinyar da ya koya wa riƙon biro! Amma ya saka tabarau, ya duba ƙarƙashin jan.

Ta farko ta ce da tana waƙa in tana wanki. Ta biyu, da ita ke ɗinka wa duk matan layin kaya. Ya ɗago ya kalli ƙofar ɗakinta. Shi ne ya ce ƙarar keken tana hana shi maki, kuma tun ranar bai sake jin ta ba, bai kuma tambaya ba. Akwai wadda ta ce da tana da kyanwa. Akwai wadda ta ce da tana dariya da ƙarfi. Ta takwas ta ce da takan yi wa mijinta tambaya.

Ta tara ce ta sa ya cire tabarau ya goge. Da, in ji ta, tana karanta allunan shaguna da baki in suna cikin mota.

Ya san ranar da ta daina. Shekara ashirin da shida ke nan, abokinsa shugaban makaranta yana gaba, ita tana baya da goyo, ta karanta wani allo ta karya kalmar. Ya sa ta maimaita sau uku, abokin yana dukan cinya don dariya. Ba mantawa ya yi ba, abin da ya fi muni ke nan. Labarin ya zama abin ba da dariyarsa, ya ba da shi a gaban baƙi ya fi sau hamsin, yana kwaikwayon muryarta, ita tana zuba musu ruwa tana murmushi.

Ta goma babu jan biro a kanta ko ɗigo, don babu kuskure a ciki, har harafin ta sa. "I used to talk in my house." Da ina magana a gidana. Kusa da ita ga alamarsa ta daidai, da hannunsa ya yi ta.

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya ji ta a kunnuwansa, ya ji ta a wuya, ya rasa inda zai sa idonsa a falon da babu kowa sai shi. Matar ta zauna da fensir ta rubuta abin da shekara talatin ba ta faɗa ba, shi kuma ya ba ta huɗu. Ya nemo reza ya fara kankare makin, takardar ta huje. Yana cikin haka ta fito.

"Innar yara," ya ce. "Na karanta."

"Ai na ga ka karanta. Huɗu ka ba ni."

"Ba haka nake nufi ba. Me ya hana ki faɗa mini tuntuni?"

"Da wane baki, Malam? Ko da Hausa na faɗa sai ka gyara."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ta yi faɗan ma da ya fi masa sauƙi. Ya ce ta yi haƙuri, ya ce don Allah ta koma ajin. Ta ce za a gani. Ta karɓi littafin, ta dubi hujin, ta koma ɗaki.

Lahadi da la'asar wayar ta yi ƙara. Inna ta ɗauka ta miƙo masa kamar kullum, ko allon ba ta kalla ba. Ya miƙe ya ce zai je wurin wanzami, ta gaishe su. Kafin ta yi magana ya saka takalmi ya ja ƙofa. Bai iya tafiya ba. Ya zauna a dakalin da ke ƙarƙashin tagar falo, ya jingina da bango.

Da farko muryar Auta kawai yake ji, sannan ta yarinyar tana tambayar ina kakanta. Ya jira har ya fara cire rai. Can ya ji Inna ta yi gyaran murya.

"Takwara. I used to have a cat."

Yarinyar ta ƙwalla ihu. Kyanwa? Wace kala? Ina take yanzu? Inna ta shiga amsawa, tana tuntuɓe tana tashi, inda Turanci ya ƙare ta cika da Hausa, inda Hausa ba ta yi ba ta yi kukan kyanwar da bakinta. A jimla guda ya ƙirga kuskure uku ba da son ransa ba, ya tarar da yatsunsa sun riga sun kama biron a aljihu. Ya sauke hannun ya danne shi a ƙarƙashin cinya. Sai ga dariyarta ta fito ta taga, mai ƙarfi, har da buga hannun kujera. Ya yi ƙoƙarin tuna ranar da ya ji ta ta ƙarshe, ya kasa.

Tari ya taso masa, ya danne, amma ɗan kaɗan ya kuɓuce. Nan take muryarta ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

"Malam? Kai ne?"

Ya riƙe numfashi. Ta jira, ta jira. Sannan a hankali maganar ta dawo, ƙasa-ƙasa da farko, daga baya ta warware.

Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya bi gefen bango da sanɗa har bakin ƙofar gida, ya buɗe ta yadda ba za ta yi ƙara ba. A waje ya saka takalman ya nufi wurin wanzami, duk da shekaranjiya aka yi masa aski.